Koyar da Hawan Itace a Salaga, Yendi da Bawku: Tsakanin Ilimin Gado da Igiyar Zamani

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗorawa ke nuna a arewacin Ghana, ba a rasa mutum a saman itace. Wani yana kaɗo 'ya'yan ɗorawa da maƙata, wani yana tsinkar mangwaro, makiyayi kuma yana saro wa shanunsa ganyen maɗaci ko na madobiya da barandami, don ciyawa ta ƙare. Da damina ta kankama sai a koma kan kuka, a ɗebo ganyen miya. Duk waɗannan mahaya ne, amma babu wanda ya koyi hawan a aji. Yaro yana ganin yayansa ya hau, shi ma ya bi. Nazarin nan ya duba yadda ya kamata a koyar da hawa a matsayin sana'a ga ɗaliban kula da lafiyar itatuwa a Salaga da Yendi da Bawku.

Buƙatar sana'ar ba ta ɓuya ba. Garuruwan uku suna da tsofaffin itatuwan da ba a sarewa. A Salaga kuka ce alamar tsohuwar kasuwar bayi. A Yendi ma akwai kukar da tarihin sarautar Dagbon ya rataya a kanta. Ga manyan maɗatai da dogonyaro a bakin hanyoyi da harabar makarantu, rassansu a kan rufin kwano da wayoyin kamfanin lantarki na NEDCo. Shirin Green Ghana, wanda aka fara ranar 11 ga Yuni, 2021 da burin dasa itace miliyan biyar, ya ƙara yawan abin da za a kula da shi nan gaba. Abin da ya faru a magangarar ruwan Kintampo ranar 19 ga Maris, 2017, sa'ad da itace ya faɗo cikin guguwa ya kashe kusan mutum 20, yawancinsu ɗalibai, ya nuna farashin barin babban itace ba mai dubawa. Karatun gandun daji, kamar wanda ake yi a Nyankpala ƙarƙashin jami'ar UDS ta Tamale, ya fi karkata ga reno da dashe da ƙididdigar daji. Aiki a cikin rassan itace guda da ke tsakiyar gari wani fanni ne daban.

A ƙasashen da fannin ya kafu, tsarin koyarwar yana da wani jeri wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A Ingila ba a ba ɗalibi takardar shaidar amfani da zarton inji a saman itace sai ya riga ya ci jarrabawar hawa da ceto. Ceton yana cikin darasin farko, ba ƙari ba ne. Gasar hawan itace ta duniya ma, wadda aka fara a Amurka a 1976, ceton wanda ya ji rauni a sama yana cikin manyan rukunanta. Dalilin a fili yake. Wanda ya yanke a hannu ko ya suma yana rataye a ɗamarar hawa ba shi da lokacin jiran taimako daga nesa, domin jini yana taruwa a ƙafafun mai rataye da ba ya motsi. Wannan hujja ta fi ƙarfi a yankinmu fiye da inda aka ƙirƙiro ta. Daga Yendi zuwa asibitin koyarwa na Tamale kusan kilomita 100 ne, daga Salaga kuwa kusan 120. Mai ceton farko, kuma sau da yawa shi kaɗai, abokin aikin da ke tsaye a gindi ne.

Saboda haka, a ganina, ɗalibi ya fara daga ƙasa, ya daɗe a can. Ya koyi ƙulli har hannunsa ya iya ɗaurawa ba tare da ido ba, musamman ƙullin da ke zamewa idan an tura shi, ya kama igiya idan nauyi ya hau kansa, irin wanda Karl Prusik na Ostiriya ya fito da shi a 1931. Ya koyi duba kaya: igiyar hawa a ƙa'idar Amurka sai ta iya ɗaukar abin da ya kai kilo 2,400 kafin ta tsinke, igiyar ɗaurin kaya ta kasuwa ba ta kusa da haka. Sannan ya koyi saukowa daga tsawon da bai wuce kansa ba, kafin a bar shi ya haura. Malamin da ya fara da hawa yana koyar da abin da ɗalibin ya riga ya iya tun yana ɗan shekara goma. Abin da bai iya ba shi ne ya yarda da igiya ya saki hannu, kuma wannan ya fi wuya ga gwanin hawa fiye da ga sabon shiga. Gwani yakan kwance ƙugiyarsa "na ɗan lokaci" don ya tsallaka reshe. Wanda ya faɗo daga mita goma yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun kusan kilomita 50 a sa'a.

To amma manhajar da aka ɗauko daga Turai tana da nata giɓin, kuma babba ne. An rubuta ta a kan itatuwan da ba su fitowa a Bawku. Ba ta san cewa jikin kuka laushi gare shi kamar soso, ga santsi idan ya jiƙe, shi ya sa mutanen da suka gaji hawanta suke kafa turaku a jikinta su taka. Ba ta san rimi yana da saurin karyewa ba, ko cewa maɗacin da masu magani suka ɓare wa ɓawo shekara da shekaru yana iya zama ruɓaɓɓe a ciki alhali ganyensa shar. Gobarar daji ta rani tana ƙona gindi, gara ta shiga ta cinye ciki, itacen yana tsaye kamar lafiya lau. Ga zuma, wadda a nan ba ta da haƙuri, ga rina, ga maciji a kogo. Mai ɗora amya da mai saran ganye sun san waɗannan, sun san ƙarar da gindi mai rami ke yi idan an buga shi da ƙotar gatari. Da tsohuwar zuma ake magani. Makarantar da ba ta gayyato irin waɗannan mutane su koyar da karatun itace ba, za ta yaye ɗalibai masu kyakkyawar igiya ɗaure a mataccen reshe.

Inda gado ke buƙatar gyara shi ne wajen sara. Mai barandami yakan sare reshe daga sama da bugu ɗaya, reshen ya yage ɓawo har jikin itacen, ko ya bar dungu ya ruɓe. Binciken Alex Shigo a Amurka cikin shekarun 1970 ya nuna cewa itace ba ya warkar da rauni, killace shi yake yi, kuma kumburin da ke gindin reshe shi ne mashigar wannan kariya. Daga nan aka tsayar da yanka uku: a ɗan tsaga ta ƙasa, a yanke ta sama nesa kaɗan, sannan a cire dungun dab da kumburin ba tare da an taɓa shi ba. Darasi ne na yini guda, kuma makiyayi ma zai amfana, tunda itacen da aka yanka daidai zai ba shi ganye baɗi.

Akwai kuma abin da babu shi a littafin Turai ko kaɗan: itace yana da mai shi. A ƙasar Dagbon ɗorawa tana ƙarƙashin ikon sarauta, har akwai mai riƙe da muƙamin kula da ita, don haka mai gona ba lallai ne shi ke da 'ya'yanta ba. Wasu itatuwan kuma wuraren tsafi ne ko na tarihi. Ɗalibin da bai koyi zuwa gaisuwa da neman izini ba, ba zai kai ga jefa igiya ba. Dokar ƙasa ma tana nan: tun 1998 Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji, ta kuma wajabta yi wa injin rajista a majalisar gunduma. Wannan ya sa masu injin da yawa ba sa son fitowa fili, alhali su ake kira idan reshe ya danne rufi, kuma su ne suka fi buƙatar horon.

Hanyar da ta fi kusa ita ce ta ubangida da yaro, wadda kanikawa da maɗinka na zango suka saba da ita, a haɗa ta da takardar shaida ta hukumar koyar da sana'o'i, CTVET, da aka kafa da dokar 2020. Matsalar da za ta fi ci wa shirin tuwo a ƙwarya ita ce kaya. Ɗamara da hular kwano da zoben ƙarfe mai makulli duk daga waje ake shigo da su. Masu ƙera igiya kan ƙayyade mata shekara goma ko da ba a taɓa ta ba, kuma zafin rana da ƙurar hunturu suna rage wannan wa'adi sosai. A Ingila doka ta sa a duba kayan hawa duk wata shida. Makarantar da za ta buɗe wannan darasi a Bawku ko Salaga sai ta tanadi ɗakin ajiya mai inuwa, littafin rubuta tarihin kowace igiya, da kuɗin sayen sabuwa a kasafinta na kowace shekara.