Turaku Shida a Marjan Dafak

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin da ke jikin zaure, kuma tun daren farko na gane ba don mutum ɗaya aka gina shi ba. Ƙofar gajera ce, sai ka sunkuya. Tagar ba ta fi faifai ba. A bango kuwa ga turakun itace shida a jere, an kafa su tun ginin yana ɗanye. Na rataya jakata a ɗaya, na kwanta ina ƙirga sauran. Da muka idar da sallar asuba na tambayi maigidan, Baba, wanda ɗan ƙanen kakana ne.

"Ɗana, ai ɗakin alhazai ne," in ji shi. "Kowa da turkensa, ya rataya gafaka da salka."

Alhazan ƙasa yake nufi, masu tafiya Makka a ƙafa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. Daga Kano a bi ta Barno, a ratsa Dikwa, a tsaya Kusuri a bakin ruwa har a sami kwalekwale. Wanda ya haye ya shigo nan Njamena. Gabansa akwai Ati da Abeshe, sai Darfur, Fashir, Ubayyid, Khartum, kafin a ga teku a Sawakin ko Port Sudan. Tafiyar shekaru ce, kuma ba mai guzurin da zai kai shi, don haka kowane zango wurin neman na gaba ne. Mai ɗinki ya kafa kai, wanzami ya buɗe zabira, mahauci ya nemi rumfa, malami ya tara yara da alluna. Fatoma, wato mai masauki, shi ke ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗinka, ya tsaya maka in rigima ta taso. Mahaifin Baba ya sauka da niyyar ya yi damina ɗaya. Ya auri Babarbariya, ya sayi fili, ya wayi gari shi ne fatoman wasu. Makka kuwa sai da ya yi jikoki ya je ta, a jirgin sama. Wani Ba'amurke, John Works, ya rubuta littafi guda a 1976 kan Hausawan Chadi, kuma labarin da yawansu ke nan.

Bakano irina, in an ce masa tsohon gida, sai ya tuna Gidan Makama. A nan dole ka rage buri, domin birnin kansa yaro ne. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka gwabza da Rabe a Kusuri, Raben nan da ya rushe Kukawa a 1893 ya zauna Dikwa. Rabe ya mutu a ranar, kwamandan Faransawa Lamy shi ma bai kwana ba. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓar, daura da inda kogin Lagon ke zuba cikin Shari, ya sa masa sunan mamacin. Har yau Baba Fort Lami yake cewa, ni kuwa in na ji sai in ga kamar wata 'yar Alhamis ake kira.

Sunayen da talakawa suka raɗa wa unguwanninsu sun fi daɗi. Jambal Bahar, gefen kogi. Ambasatna, mun ji daɗi. Ridina, mun yarda. Tamu kuwa Marjan Dafak, murjani ya zube. Da Shugaba Tombalbaye ya sauya wa birnin suna a 1973, sai ya ɗauko Njamena daga Larabcin ƙasar, ana fassara shi da "mun huta". Ban san sunan da ya fi dacewa da garin da matafiya suka cika ba.

Bayan gidan akwai lambatu, kuma shi ne maƙwabcin da ba a zaɓa ba. Garin shimfiɗe yake kamar tabarma, ƙasarsa yumɓu ce mai riƙe ruwa, saboda haka duk ruwan da ya sauka sai an nema masa hanya. Babbar magudanar tsohon gari Turawa suka laƙaba mata Saint-Martin, sunan wata hanyar ruwa ta Paris. In da zolaya suka yi, ta yi. In kuwa da gaske suke, kewar gida ta yi musu yawa. Aikinta biyu a zamanin mulkin mallaka: ta kwashe ruwa, ta kuma raba unguwar Turawa da ta baƙar fata. Can gidaje masu baranda da itatuwa, nan ginin ƙasa, wanda a garin ake kira potopoto. Da rani lambatun bayan gidanmu leda ce da toka da awaki. Da Agusta, in ji matan gidan, sai ya cika ya tumbatsa, kwaɗi su hana barci, sauro ya karɓi gari.

Gidan ƙasa a irin wannan wuri da yaɓe yake rayuwa. Kowace shekara kafin ruwan farko a kwaɓa laka da ciyawa, a bar ta ta ruɓe, a bi bango da rufi, a gyara bakin indararo. Baba ya nuna mini gefen ƙofar zaure inda yaɓen ya ɓantare, shafi bisa shafi kamar albasa.

"Baba, ba a taɓa tsallake shekara ba?"

"Sau ɗaya."

1980 ke nan. Daga Maris zuwa Disamba mayaƙan Gukuni Waddai da na Hissen Habre suka raba birnin suna luguden wuta, jama'a suka tsere Kusuri, ta ruwan da iyayensu suka hayo. Wata tara gidan yana rufe. Da suka dawo katangar gabas ta zube, amma azarar giginya ba ta motsa ba. Da yake ba ni labarin bai ambaci siyasa ba ko sau ɗaya. Kuɗin fito ya fi tsaya masa a rai, yadda masu kwalekwale suka ninka shi a yini guda. Har ya faɗa mini adadin da riyal, wanda a nan sefa biyar ne, kamar dala a Maraɗi, ni kuwa na rikice a lissafi.

Kogin ma da nasa halin. Ruwan Shari daga kudu mai nisa yake zuwa, don haka ba ya kai ƙololuwa sai Oktoba ko Nuwamba, bayan sama ta ɗauke. A 2022 ya haura mita 8, ya ci unguwannin Waliya da Tukra rana tana ƙwallewa. Tsoffin unguwanni sun tsira daga wannan. Abin da suke tsoro daban ne: Gardole, wadda take cikin mafi daɗewa, katafila ta share ta a 2008. 'Ya'yan Baba kuma suna so a rushe zauren a yi shagunan siminti, tunda babbar kasuwa da masallacin Sarki Faisal 'yar tafiya ce daga nan. Ban ga laifinsu ba, haya kuɗi ce. Sai dai na kwana a ɗakin bulo a garin nan da zafi, na san abin da za su saya.

A darena na ƙarshe, muna cin tuwo da miyar daraba, aka yi sallama. Saurayi ne daga Damagaram, wani direba ya kwatanta masa gidan, yana son ya wuce gabas neman aiki. Aka kai shi ɗakinmu. Ya rataya jakarsa a turke na biyu, ya nannaɗe igiyar cajin waya a na uku.

"Kwana nawa za ka yi, yaro?"

"Biyu kawai, Alhaji, in sha Allahu."

Baba ya dube ni, ya dubi yaron, sai ya ƙwala wa jikarsa kira ta ƙaro shayi.