Ɗaukaka ƙara kan lasisin kamfanonin aikin lauya a Ingila da Wales

Ɗaukaka ƙara kan lasisin kamfanonin aikin lauya hanya ce da doka ta tanadar a Ingila da Wales domin kamfani ko mutum ya ƙalubalanci hukuncin hukumar da ke bayar da lasisi. Tsarin ya shafi kamfanonin da ake kira ABS, wato waɗanda mutanen da ba lauyoyi ba suke da hannun jari a cikinsu ko suke cikin masu tafiyar da su.

Tarihi

Bayan rahoton da Sir David Clementi ya fitar a shekarar 2004, majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da Dokar Ayyukan Lauyoyi ta 2007. Dokar ta kafa hukumar LSB mai sa ido kan hukumomin da ke kula da lauyoyi, ta kuma buɗe ƙofar mallakar kamfanonin lauyoyi ga waɗanda ba lauyoyi ba. An fara bayar da lasisin a watan Oktoba na 2011.

Hukunce-hukuncen da ake ƙalubalanta

Ana iya ɗaukaka ƙara idan hukuma ta ƙi bayar da lasisi, ko ta gindaya masa sharuɗɗa, ko ta dakatar da shi, ko ta soke shi. Haka kuma idan ta hana wanda ba lauya ba riƙe kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin ko fiye, ko ta ci tara. Tarar tana iya kaiwa fam miliyan 250 ga kamfani, da fam miliyan 50 ga mutum ɗaya.

Inda ake kai ƙara

Wurin da ake kai ƙara ya danganta da hukumar da ta yanke hukuncin. Ƙararrakin da suka shafi hukumar SRA suna zuwa Kotun Ladabtar da Lauyoyi, daga nan kuma sai Babbar Kotu. Na hukumar CLC, mai kula da masu aikin takardun cinikin gidaje da filaye, suna zuwa sashen kula da ƙa'idoji na kotun musamman ta matakin farko. A wannan kotu, wa'adin shigar da ƙara galibi kwana 28 ne daga ranar da aka aiko da hukuncin. Wanda bai gamsu ba yana iya wucewa kotun musamman ta sama, amma sai an ba shi izini, kuma kan kuskuren fassara ko amfani da doka kaɗai.