Salsalar Gidajen Garwa da Waɗanda Suka Tsare Ta

Wanda ya bi unguwannin Garwa, birnin nan da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, yana sauraron sunayensu da kunnen basira, zai tarar garin da kansa yana ba da labarin asalin mutanensa tun ba a tambaye shi ba: ga Fulɓere ta Fulani, ga Hausare ta Hausawa, ga Kolere ta Barebari, ga kuma Rumde Ajiya, wadda sunanta yake tuna rinjin bayi na zamanin da. Kafin waɗannan duka su sauka, ƙasar ta Bata ce da Fali. Sai da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, aka kafa daular Fombina, wato Adamawa, wadda Yola ta zama cibiyarta a 1841, sannan ƙananan sarautun Fulani suka tsaya da ƙafarsu, cikinsu har da ta Garwa, wadda ake jingina kafuwarta ga Modibbo Haman Njundi.

Ilmin nasaba a wannan ƙasa bai taɓa zama abin hira kurum ba, domin da shi ake sanin wanda ya cancanci rawani, da shi alƙali yake raba gado bisa ƙa'idar fara'ili, da shi ake gane waliyyin yarinya ranar ɗaurin aure, kuma da shi mutum yake sauke nauyin zumuncin da shari'a ta ɗora masa. Saboda haka kowace fada tana da bambaɗawanta, masu jero kakannin Lamiɗo, wato sarki, ɗaya bayan ɗaya ranar salla, alhali kuwa a cikin gida tsofaffin mata ne suka riƙe sanin wa ya auri wa, da wa ya sha nonon wa, abin da in ya ɓace sai a ƙulla auren da bai halatta ba. Fulanin kansu sun rabu dangi-dangi: Yillaga su ne a Rai Buba da Bibemi, Wolarɓe a Ngaundere da Tibati da Banyo, Feroɓe a Marwa. Game da abin da malamai suka ruwaito na cewa Fulani zuriyar Uƙba ne, a ganina ya kamata mai bincike ya girmama maganar, ya rubuta ta yadda ya ji, amma ya bambanta ta da kakannin kusa waɗanda ake da shaida a kansu.

Turawa sun taɓa wannan fanni gwargwadon buƙatarsu. Matafiyin nan Barth ya ratsa ƙasar a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, kuma wani jami'insu, Kurt Strümpell, ya buga tarihin Adamawa a 1912 daga abin da ya ji a bakin mutane, kafin sojojin Ingila da Faransa su ƙwace garin a 1915. Sai dai mai mulki ba ya neman salsala face don ya san wanda zai naɗa da wanda zai tuɓe, kuma masu ba shi labari sun san haka sarai.

Mutumin da ya yi wa wannan ilmi hidimar da ta fi ta kowa ɗan Garwa ne, Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a 1934, mahaifinsa Bature ɗan Ingila, mahaifiyarsa Bafulatana. Ya shafe shekaru yana bin fadoji da tsangayu da ƙauyuka ɗauke da na'urar ɗaukar magana, yana zama gaban modibbai da fadawa har su gama abin da za su faɗa, sannan ya rubuta shi da Fulatanci, ya fassara da Faransanci, ba tare da ya ɓoye sunan wanda ya ba shi riwaya ba. Kuma wannan ladabi na ambaton mai riwaya, wanda malaman hadisi suka koya wa duniya tun da daɗewa, shi ne ya sa aikinsa ya zama abin dogaro. Littafinsa kan Feroɓen Marwa da Pette ya fito a 1976, na Rai Buba a 1979, na Garwa kuma, wanda suka yi tare da Modibbo Ahmadu Bassoro, a 1980. Da gwamnati ta rushe cibiyar binciken da yake aiki a ƙarƙashinta a 1991, sai ya koma Jami'ar Maiduguri, yana can har Allah ya karɓi ransa a 2004. Da bai yi wannan yawo ba, da yawancin abin da tsofaffin nan suka haddace ya bi su kabari.

To amma abin da ya fi damuna shi ne, salsalar da aka tsare ta gidajen mulki ce. Gidan Hayatu, wanda ya fitar da Sadou Hayatou, firayim ministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992, da Issa Hayatou, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017, da Lamiɗo Alim Hayatou da ya rasu a 2021, ba ya rasa mai jero masa kakanni. Jikan Bahaushen da ya baro Kano ko Katsina da jakunansa yana fataucin hauren giwa da tufafi, ya yi aure a Hausare bai koma ba, shi wa zai jero masa? Galibi abin da ya rage a hannunsa bai wuce cewa kakanmu Bakano ne ba, sai ko tsagar da ke fuskar wata gwaggo, da sunan sana'ar gida. Waɗanda aka kamo kakanninsu daga duwatsu aka zaunar a rinji kuwa, an yanke musu igiyar da gangan, kuma kunyar da jama'a ta ɗora wa asalin bauta ta sa har wanda ya sani ya yi shiru, alhali laifin ba na wanda aka kama ba ne. Mata su ma, ga su su ne ma'ajin ilmin, amma da wuya a ga sunansu a jerin da aka rubuta.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba ga mai haƙuri. A gidajen malamai akan sami haihuwa da rasuwa a rubuce a bangon Alƙur'ani ko a gefen kundi, ijazar karatu tana ɗauke da sunan ɗalibi da na ubansa da na malamansa, takardun gado da na sayen gida kuma suna lissafa magada da shaidu. Sarkin Hausawan kowane gari yakan san gidajen da suka riga sauka. Takardar haihuwa ta zamanin Faransa sai an yi hattara da ita, don sau da yawa kintace aka yi aka ce an haifi mutum wajen shekara kaza, kuma wanda aka rubuta Ousmanou a Garwa shi ne Usman a rajistar Yola.

Iyaka ma ta raba takardun kamar yadda ta raba dangi. Tun da aka yanka Adamawa tsakanin Ingila da Jamus, sannan ƙuri'ar 1961 ta haɗa yankin Mubi da Nijeriya, labarin gida guda yakan warwatsu tsakanin ma'ajiyar takardun gwamnati ta Yawunde da ta Kaduna, wani sashe kuma yana Berlin ko Aix-en-Provence. Dubi zuriyar wani Hayatu daban, ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda kusa da Marwa: asalinta Sakkwato, ɗansa Sa'idu kuma Turawan Ingila suka tsare shi a Buea, daga baya ya ƙare kwanakinsa a Kano, har ya zama wanda yake son haɗa tarihin wannan gida ɗaya sai ya nemi shi a ƙasa biyu, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa da harsunan Turawa uku.