BABI NA BIYU: DAGA ZANGO ZUWA OTAL A TUDUN WADAR ZARIYA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana dalilin wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin saukar baƙi a Zariya, tun daga zamanin fatake har zuwa bayyanar otal. Za a fara da misalin wani tsohon masaukin ayari na ƙasar Farisa wanda aka mayar otal, domin a gano dalilin da ya sa nasu ya wanzu a matsayin gini, alhali zangon Bahaushe bai bar gini irin wannan ba.

2.1 Masaukin Ayari a Ƙasar Farisa

A ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, sarakuna da attajirai sun giggina masaukai a bisa hanyoyin ciniki, kimanin tafiyar yini guda tsakanin wannan da wancan. Sunan irin wannan masauki karawansarai. Gini ne na tubali mai kusurwa huɗu da ƙofa ɗaya, da tsakar gida mai faɗi, ɗakuna suna kewaye da ita, ga kuma wurin ɗaure dabbobi da ajiye kaya.

Ɗaya daga cikin mafi shahararsu shi ne na birnin Isfahan, wanda aka gina a zamanin Shah Sultan Husaini (1694-1722). Mahaifiyar sarkin ce ta yi waƙafinsa, domin a riƙa tafiyar da makarantar Chahar Bagh da ke maƙwabtaka da shi da kuɗin da yake samarwa. Bayan da harkar ayari ta ja baya, ginin ya lalace. An shiga gyaransa a ƙarshen shekarun 1950, aka buɗe shi a matsayin otal a 1966 da sunan Shah Abbas. Bayan juyin juya halin 1979 ne aka koma kiransa Otal ɗin Abbasi. A 2023 kuma hukumar UNESCO ta sanya wasu masaukan ayari 54 na Iran cikin jerin kayan tarihi na duniya.

2.2 Zango a Ƙasar Hausa

Kalmar zango tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, haka nan tana nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Ayarin fatake yana da shugabanni: madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba, uban dawaki kuma yana taimaka wa madugu. Madugu ne yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da sauran haraji.

Birnin Zazzau yana bisa hanyar da ta haɗa Kano da ƙasar Nufe da sauran ƙasashen kudu, saboda haka bai rabu da baƙi ba. Sunayen garuruwa irin su Zangon Aya da Zangon Katab shaida ce ta wannan zirga-zirga. Sai dai zangon Bahaushe fili ne kusa da ruwa da kiwo, inda ake kafa bukkoki na kara da zana. Matan gari su kawo fura da tuwo su sayar, gari na wayewa ayari ya ɗaura kaya ya yi gaba.

A cikin birni kuwa, falke yakan sauka ne a gidan fatoma, wanda kuma ake kira maigida. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. Ba kuɗin ɗaki ake biyansa ba, yana samun rabonsa ne daga la'ada. Wato ke nan jarin fatoma amana ce, ba gini ba. Abner Cohen (1969) ya tarar da wannan tsari yana aiki a tsakanin Hausawa masu cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan.

2.3 Zuwan Turawa da Kafuwar Tudun Wada

Turawan Ingila sun kafa sansani a Zariya a 1902, aka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Abin da ya fi girgiza fatauci shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka ja wani reshe zuwa ƙasar Jos, wani kuma ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Goron da a da sai an yi watanni ana ɗauko shi daga Gwanja a kan jakuna, sai ga shi yana isowa daga Ikko cikin 'yan kwanaki. Ganin haka, ayari ya fara mutuwa, baƙi suka karkata wajen tasha.

Turawa sun rarraba mazauna Zariya gida-gida. Birni na Zazzagawa ne, Sabon Gari da ke kusa da tasha mafi yawa na mutanen kudu ne, Tudun Wada kuwa, wadda ke wajen ganuwa daura da Ƙofar Doka, aka tanade ta domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan gari ba. A nan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a suka zauna. Kafa kamfanin Gaskiya a 1945 da samuwar asibiti da makarantu sun ƙara jawo jama'a. Saboda haka ana iya cewa Tudun Wada zango ce wadda baƙinta suka sauka ba su tashi ba.

2.4 Bayyanar Otal

Masaukin da ba na fatoma ba ya fara ne da bariki, inda Turawa suke sauka idan sun fita rangadi, ƙarƙashin kulawar sarkin bariki. Daga baya otal-otal suka bayyana, musamman a Sabon Gari inda aka yarda a sayar da giya. Wannan ne ya sa Bahaushe ya daɗe yana yi wa otal kallon matattarar mashaya, har kalmar bariki ta ɗauki ma'anar zaman da babu tarbiyya. Ɗan kasuwa mai mutunci ya gwammace ya sauka wurin maigidansa.

Ilimin boko ne ya rage wannan ƙyama. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya ta zama wurin tarurruka, aka kuma samu otal ɗin taro na Kongo kusa da Cibiyar Koyon Aikin Mulki. Irin wannan masauki sabon gini ne, bai gaji wani zango ba.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa masaukin Isfahan ya wanzu ne saboda tubali da waƙafi da kulawar hukuma. Na Zariya kuwa ya dogara ne a kan fili da ginin ƙasa mai bukatar yaɓe a kai a kai, da kuma mutumin da ke riƙe da amanar baƙo. Idan maigida ya rasu aka raba gado, tarihin gidan yakan bi shi. Don haka tarihin zango yana cikin sunayen unguwanni da bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi. A babi na gaba za a nazarci kalmomin da suka danganci saukar baƙi a bakin mutanen Tudun Wada.