Goma sau uku: lissafin da ya fito daga asibitin soja

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin ɗaga ƙarfe, ko na masu hali mai injuna da madubai, ko irin namu na bayan layi inda ake cika gwangwani da siminti a soka masa sanda, ya san wannan lissafi: ka ɗaga goma, ka huta, ka sake, har sau uku. Samari da yawa suna zaton su Arnold Schwarzenegger ne suka kawo shi. Ina! Don marasa lafiya aka tsara shi, mutanen da suka daɗe a kwance har tsayuwa ta gagare su.

Wani likita ne Ba'amurke, Thomas DeLorme, ya shimfiɗa shi. Yana yaro a jihar Alabama wani zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi da zuciya ya kwantar da shi wata da watanni, likitoci suka hana shi duk wani aikin ƙarfi. Bai ji ba. Ya kama ɗaga ƙarfe har ya zama ƙato, sannan ya yi karatun likita. A 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi asibitin soja na Gardiner da ke Chicago. Can ya tarar da gadaje cike da sojoji masu karaya da ciwon gwiwa. Ƙashi ya ɗoru, amma cinya ta tsotse saboda doguwar jinya. Likitocin lokacin tsoron nauyi suke yi, motsi mai sauƙi kawai suke sa majinyaci ya yi ta maimaitawa, shi ya sa ake daɗewa ba a sallami kowa ba.

DeLorme ya ɗaura musu takalmin ƙarfe a ƙafa, ya riƙa ƙara masa nauyi. Dabararsa ita ce a fara gano nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma ba ƙari. Wannan shi ne ma'auninsa, ba na maƙwabcinsa ba, kuma duk mako a sake gwadawa. A 1945 ya wallafa sakamakon. Da farko ɗagawa saba'in zuwa ɗari ya tsara a zama guda, abin ya yi yawa. A 1948, shi da Dakta Arthur Watkins na Boston suka rage zuwa talatin: goman farko da rabin nauyin, ta biyu da kashi uku cikin huɗu, ta ƙarshe da cikakkensa. Har masu cutar shan inna an yi wa aiki da wannan tsari, kuma a 1951 suka fitar da littafi a kansa.

To, mu mun riƙe goma sau uku, mun watsar da rabin nan na farko, alhali shi ne ginshiƙin abin. Kowace shekara ina ganin masu dawowa ɗaga ƙarfe bayan Sallah, ko bayan jinya, ko angon da ya ɓace wata shida ya dawo da tumbi. Yana shigowa sai ya doshi ƙarfen da ya bari, don kada yara su yi masa dariya. Kwana uku ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga, daga nan kuma ba a sake jin ɗuriyarsa.

Gaggawar ba ta da dalili. Tsokar da ta taɓa ginuwa tana saurin dawowa fiye da ginin farko. Masana a Jami'ar Oslo sun nuna alamar haka a jikin ɓeraye a 2010, tsofaffin 'yan ƙarfe kuwa sun daɗe da sani. Jijiyoyi da gaɓoɓi ne ba sa saurin biyo ta, kuma su ne ke fara kuka.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka yi niyyar komawa, manta da abin da kake ɗagawa bara. Gwada na yau, ka raba shi biyu, ka fara daga nan. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, fara biyawa ta wurin likita.