Sabuwar Manhajar Sakandare: Abin da Ɗaliban Taraba Za Su Karanta Kafin Kammalawa

A shekarar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dakta Tunji Alausa, ta sanar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta tsara. Manufarta ita ce rage yawan darussa domin ɗalibi ya ƙware a kan abin da ya koya.

A babbar sakandare, ɗalibi zai ɗauki darussa 8 zuwa 9. Biyar daga ciki wajibi ne: Turanci, Lissafi, Fasahar Kwamfuta, darasin Zama Ɗan Ƙasa da Al'adun Gado, sai sana'a guda ɗaya. An rage sana'o'in daga 34 na manhajar 2011 zuwa 6: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noma.

Tushen tsarin shi ne Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4, sai Dokar UBE ta 2004 da ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Kammala sakandare kuwa ya rataya ne a kan jarrabawar WAEC ko NECO, kuma jami'o'i, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, na neman kiredit biyar.

Sai dai kundin tsarin mulki ya raba alhakin ilimi tsakanin tarayya da jihohi. Abuja ke tsara manhaja, Jalingo ke ɗaukar malamai da gina azuzuwa. A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnatin jihar, abin da ya ƙara nauyin da ke wuyanta.

Kiwo da noma sun dace da jihar da ke da tsaunin Mambilla da filayen Kogin Binuwai. Amma kwamfuta da sola na buƙatar lantarki, kayan aiki da ƙwararrun malamai. Makarantar da ta rasa waɗannan, ɗalibanta za su zauna jarrabawa ɗaya da takwarorinsu na birni a kan darasin da a allo kawai suka gan shi.