Daga Gindin Tsamiya zuwa Ajin Dogon Hutu

A watan Maris na 2023 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta cika shekara 100 da kafuwa. An yi gagarumin taro a hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, an kuma je Garkida inda komai ya fara. Matan Zumunta sun fito da anko, manya sun yi jawabai a kan asibitoci da rijiyoyi da yawan majami'un da aka gina. Duk gaskiya ne, kuma sun cancanci yabo. Amma da za a tambaye ni abin da ya riƙe wannan ekklesiya tsawon ƙarni guda, da sai in kai mai tambayar bayan majami'a, inda ake jera yara a kan benci ana koya musu labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Ajin nan ya girmi kusan kowane gini da EYN ke alfahari da shi yau.

Mutum biyu ne suka fara aikin, Harold Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda Ekklesiyar 'Yan'uwa ta Amurka ta turo. Sun sauka Legas a ƙarshen 1922, suka nausa arewa maso gabas da niyyar zama a Biu. Hukumar Turawan mulki ba ta yarda ba, sai aka ba su Garkida, a bakin kogin Hawul, cikin ƙasar Bura. A nan ne ranar 17 ga Maris 1923, a gindin wata tsamiya, suka yi sujada ta farko tare da ma'aikatan da suka zo haƙa harsashin gidansu. Har gobe in ɗan EYN ya ce "gindin tsamiya", ba sai ya ƙara bayani ba.

Abin da ya fi burge ni game da mutanen nan shi ne saurin da suka yi wajen juyawa ga yara. Ba su jira sun sami masu bi ba kafin su buɗe makaranta. Makaranta ce ma ta riga, domin baftisma ta farko sai a 1927 aka yi ta, mutum huɗu kacal, kuma daga cikin samarin da suka zauna a gabansu suna koyon karatu aka same su. Risku Madziga da Pilesar Sawa na cikin sunayen farko da ekklesiya ke tunawa da su. Kulp ya duƙufa a kan harshen Bura har ya fassara Bisharar Markus, don yaro ya ji labarin Yesu da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa da shi. Helser kuwa ya bi tsofaffi yana tattara tatsuniyoyin Bura, yana neman gina darussa a kansu. Wasu daga cikin kalmomin da ya siffanta mutanen ƙasa da su a littattafansa ba za su yi wa mai karatun yau daɗi ba, halin zamaninsa ke nan. Amma tunaninsa cewa a fara koyar da yaro daga abin da ya riga ya sani a gidansu, wannan bai tsufa ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu a Garkida wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Mutum zai yi zaton ya tattara kayansa ya koma gida. Bai koma ba. An sa wa asibitin Garkida sunanta, shi kuma ya ci gaba, har ya ƙetara zuwa ƙasar Margi ya buɗe tashar Lassa a ƙarshen shekarun 1920. Kimanin shekara 40 ya yi a ƙasar nan kafin ya koma Amurka, inda ya rasu a 1964.

Akwai dalilin da ya sa 'Yan'uwa ba sa wasa da koyar da yara, kuma yana cikin asalinsu. An kafa ekklesiyar a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, lokacin da Alexander Mack da wasu mutum bakwai suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma suna manya. Ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi hankali, ya san abin da yake amsawa, sannan a nitsar da shi sau uku. To in haka ne, haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ba, dole wani ya zauna da yaron shekara da shekaru yana karanta masa, yana tambayarsa, har ranar da zai tashi a gaban jama'a ya yi alkawari da bakinsa. Duk wanda ya shiga ajin baftisma a EYN ya san cewa rabin abin da aka tambaye shi tun a makarantar Lahadi ya fara jin sa.

Zamanin da tsofaffinmu ke ba da labarinsa da murmushi shi ne daga shekarun 1940 zuwa na 1960. Tashoshi suka yi ta ƙaruwa, Chibok da Gulak da Shafa da Mubi da Uba, aka kuma kafa makarantun Waka kusa da Biu a 1952 don horar da malamai. Amma ba a tashoshin nan ekklesiya ta yaɗu ba. A ƙauyuka ta yaɗu, ta hanyar ajin koyar da addini da ake kira CRI. Saurayi ne da ya yi aji huɗu ko biyar, a ba shi allo da alli da ɗan littafi, a ce ga ƙauye can bayan dutse. Ya je ya gai da mai unguwa, a nuna masa inuwar da zai zauna. Da safe yana gona kamar kowa, da yamma yara su dawo daga kiwon awaki su kewaye shi. Ya rubuta baƙi a ƙasa da yatsa, su kwaikwaya. Ya rera waƙa layi ɗaya, su amsa. In duhu ya yi ya kunna fitilar ƙwai ya ba su labarin Dauda da Goliyat, iyaye na tsaye daga nesa kamar ba sa saurare, alhali ba abin da ya wuce kunnensu. Bayan 'yan shekaru inuwar ta zama rumfa, rumfar ta zama ɗakin jinka, ɗakin ya zama majami'a. Da yawa daga cikin manyan majami'un da muke gani yau da kwanon rufi da lasifika haka suka faro, kuma ba a rubuta sunan malaman nan a jikin bango ba.

Yankinmu na Mubi ya ɗan makara wajen shiga wannan tafiya, saboda tarihinsa daban ne. Mubi da Maiha da Sorau da Belel duk suna cikin ƙasar da Jamus ta taɓa mulka, daga baya aka ba Ingila riƙon amana. Sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya zama ɓangaren Nijeriya sosai, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. A daidai wannan lokaci ne aka fara makarantar Littafi Mai Tsarki a Mubi, aka mai da ita Kwarhi, aka sa mata sunan Kulp. Tsarinta ya dace da ƙasar. Ɗalibi yana zuwa da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi gona, ya koyi huɗa da shanu tare da karatun Littafi, matar ma tana da nata aji. In sun gama sai su koma ƙauye su biyu, kuma sau da yawa matar ce ke ɗaukar nauyin yaran majami'a. Makarantar nan ita ce ta girma ta zama kwalejin tauhidi ta Kulp ta yau. Mishan na Basel daga Suwizalan ma ya haɗa hannu da 'Yan'uwa a wannan zamani, yana aiki a wajen duwatsun Gwoza.

Shi kuwa tara yara musamman a lokacin hutu, dabara ce da ta taso daga Amurka. A 1894 wata malamar makaranta, matar wani fasto a Hopedale ta jihar Illinois, ta ga cewa awa ɗaya a ranar Lahadi ba ta isar ta koyar da abin da take so, sai ta tara yaran gari kullum na tsawon makonni a lokacin hutu. A 1898 wata mace mai suna Virginia Hawes ta yi irin haka a birnin New York don 'ya'yan baƙin haure, kuma da ta rasa wuri sai ta yi hayar wani gidan giya da ba a amfani da shi da rana. Robert Boville na ekklesiyar Baptis ne ya ɗauki abin ya tsara shi, ya sa ɗaliban tauhidi su koyar, har ya kafa ƙungiya ta duniya a 1922. Ka lura, shekarar da Kulp da Helser suka hau jirgin ruwa ke nan. Sun fito ne daga ƙasar da wannan al'ada ke tashe, kuma majami'un Arewa da dama sun karɓe ta sun ba ta nasu salo.

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan. Wasu sun yi baƙin ciki, kuma ba a rasa abin da aka yi asara ba, amma ekklesiya ba ta da ƙarfin biyan malaman da yawan yara ke bukata. A 1972 ekklesiyar ta sami 'yancin kanta da sunan Lardin Gabas, bayan 'yan shekaru ta ɗauki sunan EYN. Tun daga nan nauyin koya wa yaro Littafi ya dawo kan majami'ar unguwa: makarantar Lahadi, Birged ta maza da ta mata, da kuma makon yara na dogon hutu. An yi shekaru ana tafiya da abin da ya samu, wani wuri da littafin malami, wani wuri da ƙwaƙwalwar malamin kaɗai.

Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, watan Agusta, lokacin da masara ta fitar da gemu, gyaɗa na neman noma na biyu. Saboda haka malami mai hankali a wuri irin Sorau ba ya sa lokaci sai ya yi shawara da iyaye, domin yaron da yake so a aji shi ne uban ke so a gona. Akan raba yara gida-gida bisa shekaru. Ƙanana su zauna a tabarma suna tafi, malama na nuna musu hoton jirgin Nuhu da ya sha ninki har ya kusa rabewa. Manya kuwa su yi gasar buɗe Littafi: kowa ya ɗaga nasa sama, malam ya kira littafi da sura da aya, wanda ya fara samu ya miƙe ya karanta. In ya kira Habakuk ko Nahum sai ka ji shafuka na ta ƙara, wani ya tafi can wajen Ru'ya ta Yohanna yana lalube. Da Hausa ake yawancin koyarwa, domin ita ce ta haɗa kowa, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutane tun 1932. Amma a bakin iyakar nan ta Kamaru yaro kan tashi da Nzanyi ko Fulatanci a baki, don haka malamar kirki takan tsaya ta ce, "Wa zai faɗa mana da yaren gida?" Ranar rufewa iyaye su cika majami'a, a yi wasan kwaikwayo, wanda aka ba Goliyat ya faɗi ƙasa da ƙarfi fiye da yadda aka koya masa, kowa ya bushe da dariya. Sai Baba Fasto ya sa albarka, Mama ta raba biskit da fensir.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga Kwarhi da Mubi. Watanni shida kafin nan an sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne. Shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci a ƙarƙashin shugaban EYN na lokacin, Samuel Dali, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka bi duwatsu suka ƙetara Kamaru. Ba zan tsaya a kan wannan ba, waɗanda suka gani sun fi ni sani. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, mutanen da suka gudu ba su ɗauki benci ko allo ba, da yawa ko Littafi ba su samu ɗauka ba. Abin da suka haddace suna yara shi ya bi su, kuma da shi aka yi sujada a sansanonin gudun hijira har na Minawao a Kamaru. Da aka dawo aka tarar da majami'u a ƙone, yaran da aka tara a ƙarƙashin tanti sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ekklesiyar da ta gaji koyarwar salama daga kakanninta sai ta sami kanta tana koya wa ɗan shekara tara abin da ake nufi da gafara, a garin da zai ci gaba da zuwa kasuwa ɗaya da makaranta ɗaya da maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma bala'in bai ƙyale su ba. Ban san wani aji da ya fi wannan nauyi a ƙasarmu ba.

Maƙwabtan nan namu ma abin koyi ne a wannan fanni. Hutu ko ba hutu, da asuba za ka ji karatun allo, da yamma ka ga yara sun nufi Islamiyya. Mu kuwa sau da yawa sai mako ya rage a tuna da shirin yara, bayan an gama kasafin rufin majami'a da motar fasto da taron mata. Malaman kuwa 'yan sa-kai ne, ɗalibai da suka dawo hutu daga Jami'ar Jihar Adamawa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Mubi, da matan aure da suka bar gonarsu, kuma wani lokaci da kuɗin aljihunsu suke sayen alli.

Don haka ina roƙon dattawan majami'u daga Mubi zuwa Maiha har Sorau, in an zauna tsara kasafin shekara, a ware wa makon yara nasa kaso tun daga Janairu. A tura malaman su sami horo ko na kwana uku ne, a saya musu littafin malami da hotuna sababbi, a tanadi kunu da ƙosai don yaron da ya tako daga ƙauye da safe. Ku kuma iyaye, ku saki yaran nan daga gona na 'yan awoyin nan, ku kuma zo ranar rufewa ku ji abin da suka haddace.